KAFIN KU KAFA RUMFA

Kaka ta yi. An yi girbi, an sayar da gyaɗa da riɗi da waken suya, kuɗi sun ɗan shigo hannu. A irin wannan lokaci ne kowa ya kan tuna da aikin gini. Wannan yana so ya yi wa babur ɗinsa ɗaki. Wancan yana so ya fasa katanga ya fid da shago. Wani kuma rumfa ya ke so a ƙofar gida, inda zai girka injin niƙa. Don haka muka ga ya kamata darasinmu na yau ya zama a kan irin waɗannan ƙananan gine-gine, watau rumfa, da shago, da gareji, da rumbu, da turke, da akurki, da ɗakin girki, da masai.

Ku lura da wani abu. Babban gida bai cika jawo rigima ba. In mutum zai gina gida, ya kan yi shawara, a kira mai unguwa, a kira maƙwabta, a ja igiya, kowa ya ga iyaka. Amma rumfa fa? Da hantsi a ke haƙa rami, kafin la'asar an ɗora kwano. Ba a tambayi kowa ba. To, mafi yawan ƙarar da mu ke ji a ƙofar dagatai a kan waɗannan ƙananan abubuwa ne.

Labarin mai faci

Mun taɓa sauka wani ƙauye da ke bakin babbar hanya, don mu duba aji. A ƙauyen akwai wani mai facin taya. Ya yi shekaru yana aiki a gindin darbejiya, rana da iska duk a kansa. Da Allah ya hore masa, sai ya sayar da sansa na huɗa, ya sayi bulo da siminti da kwano, ya gina ɗan shago daf da kwalta, ya sa masa ƙofar ƙarfe. Kowa ya zo ya yi masa murna.

Ran nan sai ga ma'aikata a mota. Suka auna, suka shafa jan fenti a jikin bangon, suka miƙa masa takarda, suka wuce. Shi kuwa bai iya karatu ba, kuma kunya ta hana shi ya kai wa wani ya karanta masa. Ya zaci takardar haraji ce. Ya ninke ta, ya sa ƙarƙashin tabarma. Bayan 'yan makonni katafila ta zo. Kafin ya dawo daga gona shago ya zama tarin ƙasa, kwanon ya lanƙwashe, ƙofar ta murɗe.

Da dare ya zo bakin aji da takardar a hannu. Wani ɗalibi, wanda watansa biyar ke nan da fara koyon karatu, ya riƙe ta kusa da fitila, ya bi ta da yatsa, ya karanta a hankali. Ashe an ba shi wa'adi ne ya kwashe kayansa da kansa, domin shagon yana cikin filin hanya. Mai faci ya yi shiru. Can ya ce mana, "Malam, da na san abin da ke cikinta, ai da ko kwanona da ƙofata na tsira da su."

Ba mu ba ku wannan labari don ku yi masa dariya ba. Da yawa cikinmu da abin da za mu yi ke nan.

Fili nawa ne, wa zai hana ni?

Haka mutane su kan ce. Gaskiya ne filin naka ne, ka gada ko ka saya. Amma ga yadda doka ta tsara abin. A shekarar 1978 aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Dokar ta ce ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamna, yana riƙe da ita domin jama'a. Filin da ke cikin birni Gwamna ke ba da iznin zama a kansa. Filin ƙauye kuwa, ƙaramar hukuma ke ba da izni bisa al'ada. Abin da ka mallaka shi ne haƙƙin zama da amfani. In hukuma na bukatar wurin don aikin jama'a, kamar hanya ko asibiti, tana iya karɓa, ta biya diyyar gini da itatuwa da shukar da ke kai. Amma wanda ya shiga filin hanya ya yi gini ba izni, da wuya ya ga ko kwabo.

Akwai kuma dokar tsara gari. Gwamnatin Tarayya ta yi tata a 1992. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara gari da ba da iznin gini aikin jihohi ne. Saboda haka kowace jiha da nata tsari. A Kano hukumar da ke wannan aiki sunanta KNUPDA, a Kaduna kuma KASUPDA. Tsarin Mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da shaguna da rumfunan sayar da kaya, da magudanan ruwa, da hanyoyin cikin gari. Ƙananan hukumomin nan 774 ne a Nijeriya. Abin da aka yarda da shi a wata, mai yiwuwa ne a hana shi a wata. Kada ka ce, "Ai ɗan'uwana ya yi haka a garinsu, ba wanda ya tanka masa." Garinsu daban, naku daban.

Wani zai ce, mu ƙauye mu ke, ina ruwanmu da dokar birni? To, birni tafiya ya ke yi. Ƙauyuka nawa ne a kewayen Kano da Zariya da Katsina da kakanninmu suka sani da gonaki, yau sun zama unguwanni? Ran da birni ya iso, da igiyar awonsa ya ke isowa.

Igiyar aji

Kafin mu shiga maganar nisa, sai mu san ma'auni. Yanzu da mita a ke awo. Mita 1 ta ɗara yadi 1 kaɗan, watau inci 39 da ɗan ɗori. Babban mutum in ya buɗe ƙafa sosai, takunsa ɗaya ya kusa mita. Amma taku ya kan ruɗi mutum, musamman in yana son awon ya zo daidai da abin da ransa ke so. Ku ari tef ɗin tela, ku sami doguwar igiya, ku ɗaura ƙulli a kowace mita har 30. A ajiye ta wurin malamin aji, duk mai bukata ya ara.

Hanya da wayar wuta

Hanya ba kwalta kaɗai ba ce. Tana da fili dama da hagu, wanda aka bari don magudanar ruwa, da turakun wuta, da bututun famfo, da faɗaɗawa nan gaba. A kan hanyoyin Gwamnatin Tarayya, kamar ta Kano zuwa Zariya, ko Kano zuwa Maiduguri, ko Gusau zuwa Sakkwato, filin nan mita 45.72 ne daga tsakiyar hanya zuwa kowane gefe. Da tsohon awo, ƙafa 150 ke nan, ko yadi 50. Ku lura, daga tsakiya a ke fara awon, ba daga bakin kwalta ba. Igiyarmu ɗaya da rabi ke nan, da ɗan ƙari. Hanyoyin jiha da na ƙaramar hukuma suna da nasu awon, sai a tambaya a ofis.

Mun sani ciniki a bakin hanya ya ke. Ba mu ce kowa ya koma bayan gari da tirensa ba. Amma akwai bambanci tsakanin tebur da laima, waɗanda za ka ɗauke cikin minti biyar, da ginin bulo wanda ka zuba kuɗin sa guda a ciki. Ga kuma motar da ta kan ƙwace wa direba. Ita ba ta san mai shago ba.

Lungun cikin gari ma haka ne. Mutanen da sun kan bar lungu yadda jaki da mangala zai wuce, a kuma wuce da makara ba tare da an karkata ta ba. Yau wannan ya ci taku ɗaya da dakali, gobe na gabansa ya ci biyu da rumfa, jibi wani ya ɗaure akuya a sauran. Ran da mace ta kasa haihuwa cikin dare, sai mota ta tsaya can bakin kasuwa, a ɗauko ta a hannu. Burtali kuma hanyar shanu ce. Wanda ya kafa rumbu a bakin burtali, ya sayi faɗa da kuɗinsa.

Sai wayar lantarki. Ƙa'idar da aka fitar a 2015 ta faɗi filin da za a bari a ƙarƙashin kowace iri. Manya-manyan wayoyin nan da ke bisa dogayen ƙarafa, kamar waɗanda suka taso daga Shiroro zuwa Kaduna da Kano, a kan bar musu mita 25 a kowane gefe. Masu bi musu a girma, mita 15. Waɗanda ke kawo wuta cikin gari zuwa taransifoma, mita 5 da rabi. Babbar wuta ba sai an taɓa ta ba, tana iya tsallakowa in ƙarfe ya matso kusa. Rufin kwano a ƙarƙashinta, ga magini a tsaye bisa rufin da rodi a hannu, kun ga abin da zai biyo baya.

Maƙwabci

Wannan sashe shi ne ya fi tsawo, domin nan rigima ta fi yawa.

Wasu suna tsammani Turawa ne suka kawo dokar gini. A'a. Turawa sun kawo tasu, gaskiya ne, har akwai wadda ta ce a bar fili yadi 440 ba gini tsakanin unguwarsu da ta mutanen ƙasa. Wannan don kansu suka yi ta, ta kuwa tafi tare da su. Amma tun kafin su zo, alƙalanmu suna shari'ar katanga da indararo. Akwai wani magini a birnin Tunis, sunansa Ibn al-Rami, wanda ya rayu a ƙarni na 14. Ya rubuta littafi guda a kan hukuncin gini bisa mazhabar Malikiyya, wadda mu ma ita mu ke bi. A ciki ya yi maganar hayaƙi, da wari, da ruwan sama, da ƙofar da ke kallon cikin gidan wani, da dabbar da aka ɗaure a jikin bangon maƙwabci. Shekara wajen 700 ke nan, amma kamar a ƙofar dagacinku ya zauna ya rubuta.

Mu fara da ruwan sama. Duk rufin da ka ɗora, ka tambayi kanka: ruwansa ina za shi? In ka jingina rumfar kwano da katangar maƙwabci, ka karkata ta wajensa, to, duk ruwan damina a gindin katangarsa zai sauka. Katangar ƙasa kuwa daga gindi ta ke mutuwa. Wata rana cikin Agusta sai ta kwanta, mai yiwuwa a kan yaran da ke barci bayanta. Ka juya rufinka da indararonka su zuba cikin gidanka, ko cikin kwatar da kowa ya yarda da ita. Kada kuma ka toshe rariyar da ruwan unguwa ya saba bi. Ruwa ba ya manta hanyarsa. In ka gina gareji a kanta, ta cikin garejin zai bi, ko ya koma ɗakin wani.

Turke ma haka. Fitsarin dabba yana cin gindin bango, awaki suna goga jiki, sa yana tunkuya. In za ka yi turke, ka ja shi nesa da bangon da ba naka ba, ka bar rata yadda mutum zai shiga ya share.

Injin niƙa alheri ne ga gari, ya hutar da mata daka. Amma yana da ƙara, yana girgiza ƙasa, girgiza kuwa tana tsaga bango. Ga gwaji mai sauƙi. A cika kwano da ruwa, a ajiye a ɗakin maƙwabci kusa da bango, a tayar da inji. In ruwan yana rawa, injin ya yi kusa. A cikin birane, mai da sashen gida ya zama wurin sana'a yana bukatar izni na musamman, ko da ba a ƙara bulo ɗaya ba.

Shago mai bene, ko ɗakin da aka ɗora bisa gareji, a duba tagarsa. In tana leƙa tsakar gidan maƙwabci inda iyalinsa ke zama, a ɗaga ta sama da kan mutum, ko a mai da ita wani gefe.

Yanzu ga wanda ya fi duka nauyi, watau masai da rijiya. Ruwan ƙazanta yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, ido ba ya gani. Ma'aikatan lafiya sun ce a bar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, igiyarmu guda cur ke nan. Kuma masai ya kasance a gangare, rijiya a tudu. Gindin ramin kada ya kai ga ruwa, a bar aƙalla mita 1 da rabi na ƙasa tsakaninsu. Inda a ke yin kuskure shi ne nan: mutum ya auna daga rijiyarsa, ya ga ya yi nisa, ya haƙa a ƙuryar gida. Bai sani ba, ko bai damu ba, rijiyar maƙwabci tana bayan katangar, taku uku. Ruwan ƙasa bai san katanga ba. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihohin Bauci da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin waɗanda suka fi shan wuya. Gurɓataccen ruwa ke yaɗa ta. In gidajenku ƙanana ne, mita 30 ba za ta samu ba, ku kira duba-gari ya zo ya gani, a yi shawara tare da maƙwabta kafin a sa diga.

Wuta

Hunturu na tafe, iska na kaɗawa, kome ya bushe. Rumbun zana da tarin kara da harawa kada su kusanci murhu. Mutanen da sun kan jera rumbuna a gefe guda, su share ciyawar kewaye. Ba don ado su ke yi ba.

Gareji sabon abu ne a ƙauye, haɗarinsa ma sabo ne. Inda babur ya ke, nan jarkar fetur ta ke. Turirin fetur yana bin ƙasa, ya kan iske garwashi ko fitila daga nesa ya kama. Kada bango ɗaya ya haɗa ɗakin fetur da ɗakin girki. Janareta kuma yana fid da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. Ta sha kashe mutanen gida gaba ɗaya suna barci. A yi masa rumfarsa a fili inda iska ke ratsawa, nesa da tagar ɗakin kwana, naka da na maƙwabci.

Rata tsakanin gini da gini ita ke tsai da wuta. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Inda rumfa ta manne da rumfa, wuta gudu ta ke yi, 'yan kwana-kwana kuwa sai sun sami hanya sa'an nan su shiga.

Yadda za a nemi izni

Da fari ka je wurin maƙwabcinka. Ba sai da wata doguwar magana ba. "Malam, ina so in ɗan yi rumfa a nan, zo ka gani ko za ta dame ka." Mutumin da aka tambaya da wuya ya kai ƙara. Sa'an nan ka gaya wa mai unguwa ko dagaci, su suka san tsohuwar iyaka da hanyar ruwa. In ginin bulo ne, ko shago, ko yana fuskantar hanya, ka je sakatariyar ƙaramar hukuma, ka nemi sashen ayyuka da filaye. In kuna kusa da birni, za su nuna maka ofishin hukumar tsara gari.

Ba za mu ɓoye muku ba, mun san akwai masu hali da su kan yi gini bisa magudanar ruwa, a ƙyale su. Mun san kuma akwai masu yawo suna karɓar kuɗi a hannun masu rumfuna da sunan hukuma, ba takarda. Abin da baƙin ciki. Amma mai hali in an rushe nasa zai gina wani, kai kuwa sanka guda ne. Duk kuɗin da za ka biya, ka karɓi rasit mai hatimi, ka karanta adadin da aka rubuta, ka ga ko ya yi daidai da abin da ka bayar. Iznin baki ba izni ba ne. Ma'aikacin da ya ce maka "je ka yi" ana iya canja masa wurin aiki gobe, wanda ya gaje shi takarda zai tambaya.

In kuwa ka wayi gari ka ga jan fenti a bangonka, ko an miƙo maka takarda, ka dakatar da aiki. Ka karanta ta a ranar. In ta Turanci ce, ka kawo ta aji. Ka duba abu uku: wace hukuma ce ta aiko, me ta ce ka yi, kwana nawa ta ba ka. Sa'an nan ka je ofishin da takardunka tun wa'adi bai cika ba.

Ga yadda a ke rubuta takardar neman izni. Ku kwafe ta cikin littattafanku, kowa ya sa sunansa da na garinsu inda muka sa Wane da Kaza.

*Zuwa ga Shugaban Sashen Ayyuka,*
*Ƙaramar Hukumar Kaza.*

*Ranka ya daɗe,*

*Bayan gaisuwa da ladabi, ni Wane ɗan Wane, na unguwar Kaza a garin Kaza, ina neman izni in gina shago ɗaya a gaban gidana. Tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 3. Daga tsakiyar hanya zuwa bangonsa mita kaza ne. Ruwan rufinsa cikin gidana zai zuba. Maƙwabtana da mai unguwa sun gani, sun yarda. Ina roƙo a aiko ma'aikaci ya duba wurin.*

*Ni ne,*
*Wane ɗan Wane.*

A yi ta biyu. A miƙa ɗaya, a roƙi magatakarda ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayar, a dawo da ita gida a adana cikin leda inda gara ba za ta kai ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai faci ya yi hasarar kwanonsa da ƙofarsa?
2. Daga ina a ke fara auna filin babbar hanya?
3. Mita nawa a ke bari tsakanin masai da rijiya? Rijiyar wa za a duba?
4. Shago mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3, igiya mita nawa za ta kewaye shi?

Aikin gida

Ku ƙulla igiyar aji a wannan mako. Kowa ya ara, ya auna daga masan gidansu zuwa rijiyar da ta fi kusa, tasu ce ko ta maƙwabci. Ran aji mai zuwa kowa ya zo da adadin da ya samu a rubuce.